Shirya samfuri don gwajin mas sifektiromita

Shirya samfuri shi ne duk aikin da ake yi wa jini, fitsari ko hatsi tun daga inda aka ɗebo shi har a zuba shi a mas sifektiromita, wato na'urar da ke gane sinadari ta hanyar auna nauyin ƙwayarsa gwargwadon cajin lantarkin da take ɗauke da shi. John Fenn da Koichi Tanaka sun sami kyautar Nobel a 2002 saboda hanyoyin ɗora wa manyan ƙwayoyi irin su furotin caji ba tare da sun farfashe ba. Na'urorin yanzu suna gano abin da bai kai kashi ɗaya cikin biliyan ba, kuma wannan kaifin ne ya sa 'yar ƙazanta take lalata sakamako.

A hanyar Fenn, ana fesa ruwan samfuri ta bakin allura mai ƙarfin lantarki. Gishiri, sabulu da kitsen jini suna kokawa da abin da ake nema wajen karɓar caji, su danne shi, sai na'ura ta nuna kaɗan ko ta nuna babu. Sinadarin Triton X-100, wani nau'in sabulu, da danginsa suna bayyana a jere da tazarar nauyi 44, kuma suna daɗewa a bututun na'ura. Shi ya sa ba a wanke kwalaben wannan aiki da sabulun wanke-wanke.

Jini daga karkara

Samfurin da aka ɗeba a asibitin ƙauye a yankin Gumel ko Haɗeja yakan yi sa'o'i a hanya, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Ana raba ruwan jini da ƙwayoyinsa a injin wulwulawa cikin awa biyu, a sa a kula mai ƙanƙara. Jinin da bai rabu ba kada ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye, domin jajayen ƙwayoyi za su fashe, furotin ɗinsu ya mamaye komai. A ɗakin gwaji ana rarraba shi ƙananan kwalabe a ajiye a digiri 80 ƙasa da sifiri, don kowace narkewa da sake daskarewa tana ɓata furotin. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, firiza na iya yin wannan ɓarna cikin dare ba wanda ya sani.

Inda babu sanyi, ana ɗiga jini a takardar Whatman 903, dabarar da Robert Guthrie ya yaɗa a farkon shekarun 1960. Takardar tana shan iska a inuwa aƙalla awa 3, sannan a rufe ta a leda da ƙunshin maganin laima. Akwai tarko a nan. Jinin mai ƙarancin jini, kamar mai sikila ko yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kayar, ya fi tsinkewa, yana bazuwa a takarda, don haka da'irar milimita 3 da aka huda tana ɗauke da jini ƙasa da yadda aka zata. Gara a ɗiga ma'auni sananne, a yanke ɗigon gaba ɗaya.

Furotin

Idan ƙaramin sinadari ake nema, kamar magani, ana zuba asetonaitiril mai sanyi kashi 3 a kan ruwan jini kashi 1, furotin ya dunƙule, a wulwula minti 10, a kwashe ruwan sama. Idan kuwa furotin ɗin ne abin nema, sai an yayyanka shi. Ana warware shi da yuriya mola 8 (mola ma'aunin yawan sinadari ne a ruwa), a tsinke ɗaurin salfa da ke riƙe furotin da sinadarin DTT milimola 10, a toshe bakin da ayodo'asetamaid na rabin awa a cikin duhu. Kafin a zuba tirifsin, sinadarin da ke yanka furotin, dole a tsinka yuriyar ta koma ƙasa da mola 2, in ba haka ba ba zai yanka da kyau ba. Tirifsin kashi 1 ga furotin kashi 50, a digiri 37, a kwana. Da safe a tsayar da shi da fomik asid, a cire gishiri da wani mataci da ake kira C18. Ba a dumama yuriya fiye da digiri 37, domin tana liƙa wa furotin ƙarin nauyi 43 da ke rikita lissafi.

Babban abokin gaba shi ne keratin na fata da gashi, wanda ke yawo a ƙura. A lokacin hunturu, kwalbar da aka bari a buɗe na ɗan lokaci ta isa ta kwaso shi. Safar hannu, rufe kai da rufe kwalba wajibi ne.

Gyaɗa da masara

Aflatoksin guba ce da fumfunar Aspergillus flavus ke fitarwa. An gano ta bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin tunkuzar gyaɗa. Ba ta bazuwa daidai a buhu: 'yan ƙwayoyi kaɗan ne ke ɗauke da kusan dukkanta. Wanda ya ɗebi tafi ɗaya daga bakin buhu a kasuwar Dawanau caca ya yi. Ana soka buhuna da yawa, sama da tsakiya da ƙasa, a tara kilo da dama, a niƙe duka, a gauraya, sannan a auni giram 25. A zuba gishiri giram 5 da mililita 125 na metanol da ruwa, 70 da 30, a markaɗa minti 2, a tace. Ana ƙara ruwa ninki biyu kafin a bi da shi ta matacin da ke kama aflatoksin kaɗai, domin metanol mai ƙarfi yana kashe abin kamun. A wanke da ruwa, a sako gubar da metanol mililita 1 cikin kwalba mai duhu, don haske na lalata ta.

A kowane irin samfuri ana zuba tagwayen sinadarin da ake nema, wanda aka yi da kabon 13, kuma ya fi kyau a zuba shi tun farkon aiki, ta yadda duk asarar da aka yi a hanya za ta shafe su tare, a gyara lissafi da shi. Tarayyar Turai ta ƙayyade maikurogiram 2 na aflatoksin B1 a kowane kilo na gyaɗar ci, don haka asarar rabin gubar a mataci na iya wanke kayan da ya kamata a mayar.