"Open source" ba kyauta ake nufi ba: injin niƙa daban, hatsi daban

Tun da DeepSeek, manhajar ƙirƙirarriyar basira (AI) ta ƙasar Sin, ta ɓullo da ƙarfinta a watan Janairun 2025, kalmar nan "open source" ba ta sake samun hutu ba. Ta shiga rediyo, ta shiga tarurrukan ƙaddamar da kaza da kaza, duk mai son a ce ya waye sai ya jefa ta cikin zance. Kwanaki ina cikin mota na ji wani mai gabatar da shiri ya fassara ta da "manhajar kyauta wadda ba ta da mai ita". A jimla ɗaya ya tafka kuskure biyu. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne wani mai shagon tura wasanni da na ji yana kiran wasan da aka fasa wa makulli da wannan suna. Wannan kam wanke kayan sata ne da sabulun Turanci.

Asalin maganar ba ta da wuya. Kowace manhaja tana da rubutun da masu ƙirƙirarta suka zauna suka rubuta da wani yaren kwamfuta, irin su C ko Python, wanda mutum zai iya karantawa ya gyara. Shi ne tushen. Sai a juya wannan rubutu ya koma abin da na'ura kaɗai ke ganewa, shi ne kake saukewa ka danna ya buɗe. Yawancin kamfanoni na biyun suke ba ka, su kulle na farkon a ɗaka. Buɗaɗɗen tushe shi ne a miƙa maka rubutun, haɗe da lasisin da ya yarje maka ka karanta, ka sauya, ka raba wa wasu, kai ko ka sayar. Mai shi yana nan, haƙƙin mallakarsa yana nan. Izini ya bayar bisa sharuɗɗa. Zancen farashi kuwa bai ma taso ba. Free Fire da WhatsApp ba ka biyan ko sisi wajen sauke su, amma tushensu a kulle yake gam. Wasan Mindustry tushensa a buɗe yake ga kowa, kuma ana sayar da shi da kuɗi a Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, masu saye suna saye.

Abin dariyar shi ne wannan ruɗani ba namu ba ne, aro muka yi. Turawa ne ke da kalma ɗaya, "free", da ke nufin kyauta, take kuma nufin 'yanci. Richard Stallman, wanda ya fara aikin GNU na samar da manhajoji masu 'yanci a 1983, 'yanci yake nufi da ita, amma ya kwashe shekaru yana bayanin cewa ba kuɗi yake magana a kai ba. Da kamfanin Netscape ya sanar a farkon 1998 cewa zai saki tushen burauzarsa, sai wasu suka taru a Palo Alto ta jihar Kaliforniya suna neman sunan da ba zai tsorata 'yan kasuwa ba. Christine Peterson ce ta kawo shawarar "open source", a watan Fabrairun shekarar, sannan Eric Raymond da Bruce Perens suka kafa ƙungiyar Open Source Initiative (OSI) da ke riƙe da ma'anar har yau. Wato an ƙirƙiri kalmar ne takanas don a guje wa fassarar "kyauta". Mu da Allah ya hore wa kalmomi biyu mabambanta, muka tsallake duka muka ɗauko kuskuren da su suka gudu daga gare shi.

Ban gane zurfin abin ba sai da ɗan ƙanwata ya kawo mini ƙara. Ya ji an ce tsohon wasan nan Doom buɗaɗɗe ne, ya je ya sauke Chocolate Doom, wata sigar wasan da 'yan sa-kai suka gina daga tushensa, a kwamfutarsa mai Windows, ya warware fayil ɗin, ya danna. Maimakon wasa sai wani ɗan akwati ya fito yana cewa bai ga fayil ɗin IWAD ba.

"Kawu, ashe ƙarya suke yi. Sun ce kyauta ne, ga shi ya ƙi tashi."

Na ce masa, "Kai yaro, injin niƙa aka ba ka. Ina hatsinka?"

Doom ya fito ranar 10 ga Disambar 1993 daga kamfanin id Software na Amurka. Tun farko John Carmack da abokan aikinsa sun raba shi gida biyu. Akwai injin, wato rubutun da ke lissafin bango da haske da motsi da harbi. Akwai kuma wani fayil mai ƙarewa da WAD, inda aka zuba zane-zane, dodanni, taswirar kowane mataki, sauti da kiɗa. A Disambar 1997 suka saki tushen injin. Fayil ɗin WAD kuwa ba su taɓa sakinsa ba; har gobe kayan sayarwa ne, kuma tun 2021 kamfanin yana ƙarƙashin Microsoft. To wanda ya ce "Doom buɗaɗɗe ne" ya faɗi rabin gaskiya, kuma rabin da ya bari shi ne wanda ido ke gani.

Akwai ma wani ƙarin lauje cikin naɗi. Abin da aka saki a 1997 tushen sigar tsarin kwamfuta na Linux ne, ba na tsohon tsarin DOS da mutane suka saba bugawa ba, saboda ɓangaren sauti na sigar DOS na wani ne daban, ba su da ikon bayar da abin da ba nasu ba. Kuma lasisin farko ya hana amfani da shi don kasuwanci. Da ma'aunin OSI, wannan sharaɗi kaɗai ya isa ya fitar da shi daga sahu. Sai a Oktoban 1999 aka mayar da shi ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya yarda a sauya, a raba, har a sayar, ya zama buɗaɗɗe na haƙiƙa. Kusan shekara biyu kenan rubutun yana fili kowa na karantawa, amma bai cancanci sunan ba. Wannan shi ne abin da nake so masu magana a rediyo su riƙe: ganin tushe ba ya wadatarwa, sai an duba me takardar izini ta ce. Leƙen tukunya ba ya sa miya ta zama taka.

Hatsin fa? Hanya uku ce. Ko ka sayi wasan na asali ka kwafo fayil ɗin doom.wad ko doom2.wad ka ajiye kusa da injin. Ko ka nemi doom1.wad, kashin farko mai matakai 9 da kamfanin ya raba don ɗanɗano tun 1993, wanda kyauta ne amma ba buɗaɗɗe ba. Ko kuma ka ɗauki Freedoom, aikin wasu 'yan sa-kai da suka zana sababbin dodanni da makamai da taswirori daga farko, don a samu hatsin da kowa ke da 'yancin niƙawa. Na ukun muka yi da yaron. Ya ce dodannin ba su yi kama da na bidiyon da ya gani ba. Ai ba za su yi ba, da sun yi da an kai su kotu.

Wajen girka wasan a na'urori daban-daban ne amfanin buɗe tushe ke fitowa fili, nan ne kuma wani ruɗanin ke kunno kai. Fayil ɗin da aka juya don Windows ba ya tashi a Mac, na Mac ba ya tashi a Android. Tushen ɗaya ne, amma kowane tsari sai an juya masa nasa. Wasan da ke kulle, kamfaninsa ne kaɗai zai iya wannan juyi, in ya ga dama. Da Apple ya fitar da macOS Catalina a 2019 ya daina karɓar tsofaffin manhajoji masu bit 32, wasanni da yawa da mutane suka saya da kuɗinsu suka mutu murus a Mac, don masu su ba su waiwaye su ba. Doom bai ko girgiza ba. Da Apple ya koma sabon guntun sarrafa kwamfuta na M1 a 2020, wasu suka sake juya shi, aka ci gaba. Shi ya sa ake ganinsa a kan firinta da kalkuleta, har wani mai binciken tsaron na'urori ya nuna shi yana gudana a allon taraktar John Deere a taron masana tsaron kwamfuta na DEF CON na 2022.

A Linux abin ya fi sauƙi, kuma ba abin mamaki ba ne tunda gidansu ne. A Debian ko Ubuntu, nau'o'in Linux biyu, layin umarni ɗaya ya isa: sudo apt install chocolate-doom freedoom. Inji da hatsi su sauko tare daga rumbun da masu kula da tsarin suka tantance. A Windows kuwa kana iya cin karo da shuɗin allon SmartScreen yana cewa ya kare kwamfutarka daga manhajar da bai sani ba. A Mac tsarin Gatekeeper zai iya tare ka ya ce bai san wanda ya yi ta ba, kuma tun daga macOS Sequoia sai ka shiga saitunan tsaro ka ba da izini da kanka kafin ta buɗe. A Android, in ba daga Play Store ba ne, sai ka yarje wa wayar ta karɓi fayil ɗin APK daga waje. Masu son manhajoji buɗaɗɗu zalla suna da shagonsu, F-Droid.

Waɗannan gargaɗi su ne ke sa mutane su ce, "Ka gani, ƙwayar cuta ce." Sau da yawa abin da gargaɗin ke nufi kawai shi ne ba a sa wa fayil ɗin hatimin da ake biya ba. Rajistar masu manhaja a wurin Apple dala 99 ce duk shekara, kuma ɗan sa-kai da ke aiki da dare bayan ya taso daga ofis ba lallai ya biya ba. Amma kada a ɗauka ina cewa a danna "ci gaba" ido rufe. Tunda kowa na da izinin ɗaukar tushen ya sake juyawa, mugu ma yana da wannan dama: ya cusa abin da ya ga dama ya ɗora a wani shafi mai tallace-tallace. Buɗewar tushe ba ta ba da shaidar fayil ɗin da ke hannunka. Inda ka samo shi ne ke bayarwa, shafin masu aikin ko rumbun tsarinka. A nan ne mai shagon da na ambata ya fi cutar da mutane, domin wasan da aka fasa shi ma irin wannan gargaɗi yake jawowa, ya koya wa yara cewa duk gargaɗi ɗaya ne.

In muka dawo kan abin da ya jawo kalmar bakin jama'a, ma'aunin Doom ya isa a auna shi. Meta, kamfanin Facebook, na kiran manhajarsa ta AI mai suna Llama buɗaɗɗe, amma lasisinsa ya ce kamfanin da masu amfani da shi suka haura miliyan 700 a wata sai ya nemi izini na musamman, ya kuma hana wasu nau'o'in amfani. OSI ta fito ƙarara ta ce wannan bai cika sharaɗi ba. Matsayinsa ɗaya da Doom na 1997. DeepSeek ta fi sakin hannu, ta sa samfurinta na R1 ƙarƙashin lasisin MIT mai sassauci, amma ba ta fitar da bayanan da ta horar da shi a kansu ba. Su gari suka ba ka, ba ka ga hatsin da aka niƙa ba, balle ka san gonar da aka yanko shi. A ganina kyauta ce mai amfani, kuma ba na raina ta, amma sunanta daban.

Yaron dai ya gama Freedoom a mako biyu, ya dawo yana tambaya ko zai iya rage ƙarfin wani dodo da ya addabe shi. Na nuna masa inda lambar take a cikin fayil ɗin info.c. Yanzu rigimarmu ta koma kan yadda zai juya tushen a Windows, kuma datar uwarsa ce ke shan wahala.