Makarantun likitancin ostiyofati a Amurka da batun gurbin neman ƙwarewa

A Amurka akwai digiri biyu da ke ba mutum cikakken lasisin aikin likita: digirin MD, wanda mafi yawan makarantun likitanci ke bayarwa, da digirin DO, wanda makarantun ostiyofati, wato makarantun likitanci da ke haɗawa da koyar da jinya da hannu, ke bayarwa. Masu riƙe da digirorin biyu suna duba marasa lafiya, suna rubuta magani, suna yin tiyata a dukkan jihohi 50 na ƙasar. Sai dai babu ɗayansu da ke wadatarwa shi kaɗai, domin ana bukatar wanda ya kammala makaranta ya yi horon neman ƙwarewa a asibiti kafin a ba shi izinin aiki da kansa. Wannan ne ya sa ɗalibin da makarantun ostiyofati biyu ko uku suka ba gurbin karatu yake auna su da tambaya guda: wacce ce za ta fi kai shi ga gurbin neman ƙwarewa a fannin da yake so? A yanzu fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaliban likitanci a Amurka suna makarantun ostiyofati ne, saboda haka tambayar ta shafi dubban matasa a kowace shekara.

Asalin makarantun

Andrew Taylor Still (1828–1917) ne ya assasa wannan tafarki a 1874. Likita ne da ya rasa 'ya'yansa uku sakamakon cutar sanƙarau a 1864, abin da ya sa ya yanke ƙauna daga magungunan zamaninsa, ya koma ga ra'ayin cewa daidaita ƙasusuwa da gaɓoɓi da tsokoki yana taimaka wa jiki ya warkar da kansa. Ya buɗe makarantarsa ta farko a Kirksville da ke jihar Misuri a 1892, wadda a yau take cikin jami'ar da ke ɗauke da sunansa. Makarantun Des Moines (1898), Filadelfiya (1899), Shikago (1900) da Kansas City (1916) suka biyo baya, kuma waɗannan biyar suna cikin waɗanda suka riƙe sana'ar tsawon shekaru masu yawa.

Sannu a hankali manhajarsu ta matso kusa da ta sauran makarantun likitanci, har ta kai ga cewa abin da ya rage na bambanci a aji shi ne kimanin sa'o'i 200 na koyon jinya da hannu. An sha gwagwarmaya kafin a kai nan. A 1962 aka haɗe sana'o'in biyu a Kalifoniya, inda likitocin ostiyofati kusan 2,000 suka karɓi digirin MD a kan dala 65, aka kuma dakatar da ba sababbi lasisi har zuwa 1974, lokacin da kotun ƙolin jihar ta soke haramcin. A 1969 aka kafa kwalejin ostiyofati da ta zama sashe na Jami'ar Jihar Mishigan, ita ce ta farko da gwamnatin jiha ta ɗauki nauyinta. Ya kamata a lura cewa a Ingila da ƙasashe da dama mai aikin ostiyofati ba likita ba ne, aikinsa jinyar gaɓoɓi da hannu kawai. Wannan maƙala ta shafi tsarin Amurka ne kaɗai.

Yadda ake rabon gurabe

Karatun shekara huɗu ne bayan digirin farko, saɓanin tsarin Najeriya inda ake shiga karatun likitanci na shekara shida kai tsaye daga sakandare. Shekara biyun farko ana yin su a aji da ɗakin gwaji, biyun ƙarshe kuma a asibitoci. A watan Satumba na shekara ta huɗu ɗalibi yana aika takardunsa ga asibitoci ta manhajar ERAS, asibitocin su gayyaci waɗanda suka ga dama zuwa ganawa, sannan kowane ɓangare ya jera zaɓinsa daga na farko zuwa na ƙarshe. Hukumar rabon gurabe ta NRMP, wadda aka kafa a 1952, tana haɗa jerin biyu da wani lissafin kwamfuta da Alvin Roth ya taimaka wajen sabuntawa a ƙarshen shekarun 1990. Aiki irin wannan ne ya kai shi ga kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2012 tare da Lloyd Shapley. A tsakiyar Maris ake bayyana sakamako. Ranar Litinin ɗalibi yake sanin ko ya samu gurbi, ranar Juma'a ya san inda ya samu, kuma a kwanakin da ke tsakani waɗanda ba su samu ba suke neman guraben da suka rage ta wani tsari mai suna SOAP. Fannin ido da na mafitsara suna da nasu rabon daban, haka ma rundunar soja.

Tsawon horon ya danganta da fanni: shekara uku a likitancin iyali, likitancin manya da na yara, biyar a tiyata ta gama-gari da tiyatar ƙashi, bakwai a tiyatar ƙwaƙwalwa.

Kafin 2020 likitocin ostiyofati suna da guraben horo nasu na kansu a ƙarƙashin ƙungiyarsu ta AOA, waɗanda masu digirin MD ba sa shiga. A 2014 aka cimma yarjejeniyar mayar da duk shirye-shiryen horo ƙarƙashin hukuma ɗaya, wato ACGME, aka fara sauyin a Yulin 2015, aka kammala a Yunin 2020. Wannan shi ne sauyi mafi girma a tarihin sana'ar na baya-bayan nan, kuma duk wata shawara da aka gina a kan yanayin da ake ciki kafinsa ta tsufa. Haɗewar ta sauƙaƙa wa ɗaliban DO neman gurbi a wuri guda, amma ta buɗe wa kowa guraben tiyata da na cututtukan fata da a da aka keɓe musu, wasu ƙananan shirye-shiryen kuma suka rufe saboda ba su cika sharuɗɗan sabuwar hukumar ba. A shekarun baya-bayan nan fiye da kashi 90 cikin ɗari na ɗaliban DO 'yan shekarar ƙarshe suna samun gurbi a rabon, adadin da ya kusa da na takwarorinsu masu MD. Ƙarƙashin wannan adadi akwai bambanci babba tsakanin fannoni. A likitancin iyali, na manya, na yara, agajin gaggawa, lafiyar ƙwaƙwalwa da farfaɗo da gaɓoɓi, ƙofa a buɗe take. A tiyatar ƙwaƙwalwa, tiyatar gyaran jiki, cututtukan fata da fannin kunne, hanci da maƙogwaro, guraben da ɗaliban DO ke samu kaɗan ne, kuma da yawansu suna cikin tsofaffin shirye-shiryen AOA ne.

Asibitocin da makaranta ke koyarwa a cikinsu

Idan aka zo kwatanta makaranta da makaranta, abin da ya fi nauyi shi ne inda ɗalibi zai yi shekara ta uku. Galibin makarantun MD suna manne da babban asibitin koyarwa, yayin da mafi yawan makarantun ostiyofati ba su mallaki asibiti ba. Suna ƙulla yarjejeniya ne da asibitocin al'umma, wani lokaci a garuruwa masu nisa ko ma a wata jiha. Ɗalibai biyu 'yan aji ɗaya za su iya samun horo mabambanci ƙwarai. Ɗaya yana kwana a asibiti tare da likitoci masu neman ƙwarewa, yana gabatar da marasa lafiya a zagayen safe, yana rubuta bayanan jinya ana gyara masa. Ɗayan yana bin likita guda a ƙaramin asibitin da ba a kwantar da kowa, yana kallo fiye da yadda yake taɓawa. Na farkon zai fita da wasiƙun shaida daga malaman da shugabannin shirye-shiryen horo suka san sunansu, zai kuma isa shekara ta huɗu ya riga ya saba da yadda ake aiki a babban asibiti.

Saboda haka tambayoyin da suka cancanci a yi wa makaranta na zahiri ne. Makarantar ce ke shirya wa ɗalibi wuraren horon shekara ta uku, ko shi zai nema da kansa? Ana raba wuraren da ƙuri'a ne ko da maki? Asibitocin suna da likitoci masu neman ƙwarewa? Ɗalibi zai zauna gari ɗaya duk shekarar, ko zai riƙa ɗaukar kaya daga wannan gari zuwa wancan? A nan ne wasu tsofaffin makarantu da na gwamnati suke da fifiko. Kwalejin Jihar Mishigan tana da alaƙa ta shekaru da dama da asibitoci masu yawa a faɗin jihar. Jami'ar Jihar Oklahoma tana da asibitin koyarwa a Tulsa, kuma a 2020 ta buɗe reshe a Tahlequah tare da al'ummar Cherokee, ɗaya daga cikin ƙabilun asalin Amurka. Kwalejin Jami'ar Ohayo tana da rassa a garuruwan Dublin da Cleveland na jihar tare da manyan ƙungiyoyin asibitoci. Makarantar da take da shirin neman ƙwarewa nata a fannin da ɗalibi ke so tana ba shi malamai, damar bincike da mutanen da za su tsaya masa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai neman tiyata.

Shekara ta huɗu ma tana da nata muhimmancin, domin a farkonta ne ɗalibai suke zuwa wasu asibitoci su yi wata guda suna aiki, don a ga hannunsu kafin lokacin ganawa. Makarantar da ta cika watannin Yuli zuwa Oktoba da darussan dole ta tauye ɗalibanta a daidai lokacin da suka fi bukatar sarari.

Jarrabawa

Dole ne ɗalibin DO ya ci jarrabawar COMLEX, mai matakai uku, wadda hukumar NBOME ke shiryawa. Yana da damar ƙarawa da USMLE, jarrabawar ɗaliban MD, kuma masu neman fannonin da ake rububi a kansu yawanci suna rubuta duka biyun, saboda wasu shugabannin shirye-shirye sun fi sabawa da makin USMLE. Daga 2022 matakin farko na jarrabawowin biyu ya koma ci ko faɗuwa ba tare da maki ba, abin da ya mayar da nauyi kan mataki na biyu, kan rahoton asibiti da kuma bincike. Makarantu suna wallafa adadin ɗalibansu da suka ci COMLEX a zaman farko. Adadin yana da amfani, amma yana bukatar a haɗa shi da adadin waɗanda suka maimaita aji ko aka sallama, tunda makaranta za ta iya ƙawata sakamakonta ta hanyar hana masu rauni zama jarrabawar. Makonnin da ake ware wa ɗalibai don shiri kawai, da kuma ko halartar lacca tilas ce, suna shafar sakamako fiye da yadda sabon ɗalibi yake zato.

Karanta alƙaluman da makarantu ke fitarwa

Kusan kowace makaranta tana tallata cewa kashi 98 ko 99 cikin ɗari na ɗalibanta sun samu gurbi. Irin wannan adadi yakan haɗa waɗanda suka samu a rabon farko, da waɗanda suka samu ta SOAP, da waɗanda suka samu gurbin shekara ɗaya tak wanda ba ya kai wa ga ƙwarewa. Bai kuma nuna ko mutum ya samu fannin da ya nema tun farko ba. Jerin asibitocin da ɗalibai suka tafi ya fi faɗin gaskiya, in an karanta na shekara uku ko huɗu a jere kuma an yi la'akari da girman aji: mutum biyar a tiyatar ƙashi daga aji mai ɗalibai 150 ba daidai yake da biyar daga aji mai 400 ba. Makaranta irin ta Lewisburg a West Virginia, wadda aka kafa don samar da likitocin karkara, za ta nuna yawan likitocin iyali saboda abin da ɗalibanta suka zo nema ke nan, ba don sun kasa samun wani abu ba. Jerin yana kuma nuna yanki, domin ɗalibai da yawa suna samun gurbi a jihar da suka yi karatu ko maƙwabtanta.

Sababbin makarantu da kuɗin karatu

Adadin makarantun ya ƙaru sosai tun daga shekarun 2000, har ya haura 40, suna koyarwa a wurare fiye da 60. Kwalejin ostiyofati ta LECOM da ke garin Erie, wadda aka kafa a 1992, ta zama makarantar likitanci mafi yawan ɗalibai a ƙasar, kuma Jami'ar Rocky Vista a Kolorado, wadda aka kafa a 2006, ta buɗe hanyar makarantun da ake gudanarwa don riba. Hukumar COCA ce ke tantance su duka, kuma sabuwar makaranta ba ta samun cikakkiyar amincewa sai ta yaye ajinta na farko. Wanda ya shiga irin wannan makaranta ya shiga wurin da ba shi da tsofaffin ɗalibai a asibitoci, ba shi da sakamakon shekarun baya da za a duba, kuma yarjejeniyoyinsa da asibitoci ba a gwada su ba tukuna. Wasu sababbin sun yi kyau tun daga ajin farko, amma haɗarin na ɗalibi ne, kuma ya dace ya tabbatar tun da wuri ko ɗaliban makarantar suna da damar karɓar bashin karatu na gwamnatin tarayya.

Kuɗi yana da alaƙa kai tsaye da zaɓin fanni. Makarantun gwamnati, irin na Teksas, Oklahoma da Ohayo, suna da rahusa ga 'yan jiha, yayin da a makarantu masu zaman kansu da yawa kuɗin shekara ya haura dala 50,000 ban da masauki da abinci. Dokar da majalisar Amurka ta zartar a 2025 ta iyakance bashin tarayya ga sababbin ɗaliban sana'o'i irin likitanci zuwa dala 50,000 a shekara da 200,000 gaba ɗaya daga Yulin 2026, don haka ragowar sai an nemo shi daga bankuna. Ga wanda burinsa likitancin iyali ko na yara ne, inda kusan kowace makaranta mai cikakkiyar amincewa za ta kai shi, makaranta mai rahusa da asibitoci masu kyau ta fi mai tsada da suna. Ga wanda ya ƙudurta tiyata, ƙarin kuɗi don samun makaranta mai shirin horo nata na iya zama da hujja, duk da cewa ɗalibai da yawa suna sauya ra'ayi game da fanni bayan sun shiga asibiti a shekara ta uku.

Ɗaliban ƙasashen waje

Makarantun ostiyofati da ke karɓar wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ba shi da izinin zama na dindindin kaɗan ne, kuma irin wannan ɗalibi ba ya samun bashin tarayya. Idan ya kammala, ana lissafa shi a rabon gurabe cikin waɗanda suka yi karatu a Amurka, saɓanin likitan da ya yi digirinsa a Kano ko Zariya, wanda sai ya samu shaidar ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a ƙasashen waje, kafin ya shiga rabon. Duk da haka zai bukaci asibitin da ke karɓar masu bizar J-1 ko H-1B, kuma ba kowane shiri ne ke yin hakan ba. Wanda yake da niyyar komawa gida aiki yana bukatar ya tuntuɓi hukumar likitocin ƙasarsa game da matsayin digirin DO kafin ya biya kuɗin riƙe gurbi, domin ƙasashe sun bambanta wajen amincewa da shi.