Wai za a ɗaure malamin da ba shi da TRCN, wai kuma an soke NCE: ga gaskiyar maganar

Saƙon nan da ake ta turawa a guruf-guruf ɗin malamai na WhatsApp, wai daga 2027 duk malamin da ba shi da rajistar TRCN, hukumar yi wa malamai rajista ta ƙasa, har aji za a zo a kama shi ya yi shekara biyu a gidan yari, wai kuma NCE, takardar koyarwa ta kwalejin ilimi, ta tashi aiki sai mai digiri, wallahi ya rikita mutane da yawa a Zariya, musamman 'yan uwanmu masu koyarwa a makarantun kuɗi na Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru. Wanda ya haɗa saƙon abubuwa uku ya kwaso ya cakuɗa su wuri ɗaya: tsohuwar doka ta 1993, da umarnin da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta fitar a 2025, da kuma mayar da FCE, Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Zariya, jami'a. Kowanne da tasa hanyar, kuma wanda aka fi tsorata mutane da shi shi ne ma mafi ƙarancin haɗari a cikinsu.

Bari mu fara da maganar ɗaurin tunda ita ce ke hana mutane barci. Eh akwai ta a doka, ba ƙarya ba ce. Dokar da ta kafa TRCN, wato hukumar yi wa malamai rajista, doka ce ta mulkin soja mai lamba 31 ta 1993, wadda yanzu ake kira Cap T3 a kundin dokokin tarayya na 2004. Sashe na 17 ne ya yi maganar laifi, ya ce wanda ba shi da rajista amma yake aikin koyarwa don a biya shi, ko yake kiran kansa da sunan da zai nuna wai shi malami ne mai rajista, ya yi laifi. Hukuncin kuma tarar da ba ta wuce naira 5,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko a haɗa masa duka biyun.

To a lura da abu biyu a nan. Na farko, shekara biyun nan iyaka ce, ita ce ƙololuwar abin da alƙali zai iya yankewa, ba wai kowa da aka samu sai ya yi shekara biyu ba, alƙali yana iya cin tara kawai ya sallami mutum. Na biyu, kotu ce kaɗai ke yanke wannan hukunci. Hedimasta ba ya yankewa, sufeto daga SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ba ya yankewa, ita kanta TRCN ɗin ba ta da ikon tura mutum kurkuku, sai an shigar da ƙara an kawo hujja an saurari wanda ake tuhuma. Don haka duk wanda ya shigo makarantarku da kati a wuya yana cewa a ba shi wani abu ko ya tafi da malamai, ku nemi takardarsa ku kira ofishin da ya ce daga can yake.

Sannan wannan sashe ba sabo ba ne, shekararsa sama da talatin yana nan a rubuce. Ku tuna lokacin Malam Adamu Adamu yana minista an sa wa'adin 31 ga Disamba 2019, aka ce daga ranar duk malamin da ba shi da rajista zai bar aji, aka yi ta faɗa a rediyo, wa'adin ya zo ya wuce ba mu ga an cika gidan yarin Ƙofar Doka da malamai ba. Ita tarar ma abin dariya ce yanzu, 5,000 a 1993 kuɗi ne na gaske, yau ko tankin babur ba za ta cika maka ba, kuma ba a taɓa lambar ba. Ni a ganina wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa ba ta wannan ƙofar gwamnati ke shirin matsa wa mutane ba.

Amma fa akwai wani ɓangare na wannan sashen da masu tura saƙon ba sa faɗa, kuma shi ne mai iya jefa mutum cikin matsala ta gaske: yin ƙarya don a samu rajista. Wanda ya kai takardar bogi, ko ya rubuta abin da ya san ba gaskiya ba ne a fom, shi ma laifi ne a ƙarƙashin dokar, ga kuma laifin jabu da ke cikin dokar manyan laifuka yana jiransa daban. Yanzu da tsoro ya shiga za ka ga 'yan "kawo kuɗi in fitar maka ba sai ka zauna jarrabawa ba" sun yi yawa, wani a shagon kwamfuta zai buga maka satifiket mai kyalli har da hatimi da lamba, ka kai shi a liƙe masa leda ka ajiye a fayil kana jin daɗi, ranar da aka shigar da lambar a kwamfuta sai sunan wata mata daga wata jiha ya fito, ko kuma babu komai. Malamin da ba shi da rajista matsalarsa mai gyaruwa ce, wanda aka kama da ta jabu kuwa ya ɓata sunansa ya kuma rasa kuɗinsa.

Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne umarnin 2025. A watan Satumba na shekarar ministan ilimi Dakta Tunji Alausa ya ba da umarni cewa daga 2027 makarantar sakandaren da malamanta ba su da rajistar TRCN ba za a amince mata ta zama santar jarrabawa ba, ta gwamnati ce ko ta kuɗi. WAEC daga Maris 2027, NABTEB (ta makarantun sana'a da fasaha) daga Mayu, NECO da NBAIS (ta makarantun Larabci da addinin Musulunci) daga Yuni. Aka ce ana so bin umarnin ya kai kashi 75 cikin ɗari a 2026, a cike ɗari bisa ɗari a 2027. Babu ɗauri a ciki, babu tara a kan malami, makarantar ce za a hana santa.

Amma kowa ya san yadda abin zai gangaro. Mai makarantar kuɗi santarsa ita ce jarinsa, iyaye ba za su bar yaro ya kai SS3 a makarantar da sai an kwashe su an kai wata santa ba, don haka da ya rasa santa gara ya rasa malamin Physics ɗinsa, ko da kuwa malamin nan shi ne ke riƙe da makarantar. Ka ga ba ɗan sanda ne zai zo ba, mai makaranta ne zai kira ka ofis a ƙarshen zango ya ce Malam ka yi haƙuri. Wannan ne haɗarin, kuma shi ne ba a faɗa a saƙon.

Masu Islamiyya suna ta tambaya ko ya shafe su. Makarantar allo da Islamiyyar yamma da ba sa zana WAEC ko NECO, wannan umarni na santa bai taɓa su ba. Amma makarantar da ke zana jarrabawar NBAIS, wato SAISSCE, tana ciki tsundum, kuma a Zariya irin waɗannan ba kaɗan ba ne, ita NBAIS ɗin ma ai a nan Cibiyar Ilimi ta ABU ta girma kafin ta tsaya da ƙafarta. A nan ne nake ganin za a fi jin jiki, don akwai malaman da sun karanci Nahawu da Fiƙihu a zaure shekara da shekaru, wasu sun yi digiri a Larabci ko a ƙasar waje, amma ba su da takardar koyarwa ko ɗaya.

Wanda ita dokar rajistar ta shafa a taƙaice shi ne duk mai koyarwa a makarantar boko daga nazare har sama, ta gwamnati ko ta kuɗi.

Inda mutane ke rikicewa kuma shi ne takardu uku ne, ba ɗaya ba. Akwai takardar karatun koyarwa: NCE, ko B.Ed, ko B.A.Ed da B.Sc.Ed, ko kuma digirin wani fanni ko HND da aka ɗora masa PGDE ko PDE, wato difilomar koyarwa. Akwai satifiket ɗin rajista da TRCN ke bayarwa bayan ka ci jarrabawarta ta PQE, wadda aka fara a 2017 kuma a kwamfuta ake yin ta. Sai kuma lasisi, wanda shi ake sabuntawa duk bayan shekara uku. Mai NCE da bai yi rajista ba bai cika sharaɗi ba, mai B.Sc a Chemistry ko HND daga kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli da bai yi PGDE ko PDE ba shi kuma ba zai ma iya zama jarrabawar ta hanyar da aka saba ba, ko da ya yi shekara goma yana riƙe da alli. Wanda ya yi rajista tun tuni ya jefa lasisin a akwati, ya duba kwanan watan da ke jiki. Rukunan kuma huɗu ne, A mai digirin digirgir, B mai digiri na biyu, C mai digirin farko, D mai NCE, kuma kuɗin da ake biya yana bin rukunin.

Kun ga rukunin D ɗin nan shi kaɗai ya isa amsa ga masu cewa an soke NCE. Har yau NCE ce mafi ƙarancin takardar shiga aikin koyarwa a manufar ilimi ta ƙasa, Grade II ce aka daina karɓa tuntuni. Abin da ya jawo jita-jitar shi ne FCE ɗinmu ta Gyallesu, wadda ta fara a matsayin ATC, babbar kwalejin horar da malamai, a 1962 (har yau tsofaffi ATC suke ce mata), an mayar da ita Jami'ar Ilimi ta Tarayya, kamar yadda aka yi wa ta Kano da Adeyemi ta Ondo da Alvan Ikoku ta Owerri. Sannan dokar 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri da kansu tare da NCE, ba sai sun raɓu da wata jami'a ba. Ƙari aka yi, ba a zare komai ba. Takardar da ka karɓa a FCE shekarun baya tana nan da ƙarfinta, canjin allon bakin get bai goge ta ba. In kana son ɗorawa akwai DE, wato shiga jami'a kai tsaye ta JAMB, da za ta kai ka aji biyu, akwai kuma karatun dogon hutu na ABU da ake ce wa LVT, wanda malamai da yawa a ƙasar Zazzau ta nan suka yi digiri ba tare da sun ajiye aiki ba.

Ga waɗanda ba su karanci koyarwa ba, sanarwar ministan ta buɗe wata 'yar ƙofa: wanda ya gama digiri a wani fanni kuma ya yi aƙalla wata 12 yana koyarwa zai iya shiga gajeren kwas na wata uku zuwa shida a NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa, daga nan ya cancanci rajista. NTI kuwa ga hedikwatarta nan a Rigachikun kan hanyar Kaduna, kuma tana da santoci a jihohi. Wanda ke da hali da lokaci ni zan ce ya yi PGDE ɗin gaba ɗaya, don ita za ta yi masa amfani ko a wajen ƙarin girma ko in zai ɗora digiri na biyu a fannin ilimi.

Na san dalilin da ya sa mu 'yan jihar Kaduna muka fi kowa firgita da irin wannan labari, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. A 2017 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu aka ce 21,780 sun faɗi aka sallame su, a 2022 aka sake sallamar 2,357 har da shugaban ƙungiyar malamai ta NUT na ƙasa. Amma wancan gwamnatin jiha ce a matsayinta na mai ɗaukar aiki, ba TRCN ba ce, hasali ma hujjar da NUT ta riƙe a lokacin ita ce TRCN ce kawai doka ta ba ikon auna malami. Wato riƙe lasisi ba ya hana mai biyanka albashi ya sake gwada ka, kada wani ya ɗauka ya zama laya.

Ni dai ban ga laifin a ce malami sai da lasisi ba, likita da lauya da injiniya duk haka suke, kuma mun ga ɓarnar da ake yi in aka miƙa wa wanda ya rasa aikin yi ajin 'yan firamare ɗaya. Inda nake ganin ba a kyauta ba shi ne nauyin duk a kan malami ya faɗo. Mafi ƙarancin albashi a doka naira 70,000 ne tun 2024, amma ku tambayi masu koyarwa a ƙananan makarantun kuɗi na cikin gari nawa suke karɓa, wasu ma ba a biyansu watan hutu, kuma daga wannan ɗan abin ne za a cire kuɗin PGDE da na jarrabawa da na lasisi da na mota zuwa Kaduna. Mai makarantar da zai rasa santa shi ya fi kowa buƙatar takardar nan, to ya kamata ya sa hannu a kuɗin, ko ya biya a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan, ba ya zauna sai 2027 ta ƙarato ya fara neman mai lasisin da zai ara masa suna a jerin malamai alhali wani ne daban ke shiga ajin.

Waɗanda ke ajin ƙarshe a Tsangayar Ilimi ta ABU ko a Gyallesu, in an sanar da PQE da rantsarwar TRCN a makarantarku ku yi a lokacin tare da 'yan ajinku, ya fi sauƙi a kan ka dawo bayan bautar ƙasa kana bin ofis-ofis. Masu aiki kuma kuɗin rajista ta shafin hukumar ake biya a karɓi rasit, ba a asusun wani mutum ba.