Harba rokar taurarin intanet: yadda abin yake da yadda ake bibiyarsa daga Maradi

Harba taurarin intanet shi ne a ɗora tarin ƙananan taurarin ɗan adam a kan roka guda, a kai su wani tsayi kusa da duniya inda za su riƙa kewaya ta suna aiko da rezo ƙasa. Wanda ya fi yin suna a wannan harka shi ne Starlink na kamfanin SpaceX na Elon Musk a Amurka, kuma rokar da ke ɗaukarsu ita ce Falcon 9. Akwai wasu ma, OneWeb da taurarinta ke can wajen kilomita 1,200 sama, da na Amazon da aka fara harbawa a watan Afrilun 2025, amma gaskiya a yawan harbi babu wanda ya kama ƙafar Starlink, wani satin sai ka ga an harba sau biyu ko uku.

Rukunin farko na taurari 60 ya tashi daga Cape Canaveral a jihar Florida cikin watan Mayun 2019, zuwa 2025 kuwa masu aiki sun haura 7,000.

Me ya sa da yawa haka

Nan ne mutane da dama ke ruɗewa. Taurarin talabijin da muka saba da su, waɗanda ake saita kwano a saman ɗaki a ɗaure shi ya tsaya wuri guda, suna can nesa wajen kilomita 35,786, suna juyawa daidai da juyawar duniya shi ya sa kamar ba sa motsi. Guda ɗaya yana rufe yanki mai faɗi sosai amma nisan ya yi yawa, saƙo kafin ya je ya dawo ya ci fiye da rabin daƙiƙa, in kiran bidiyo kake yi sai maganarku ta riƙa hawa kan juna. Na Starlink kuma an sauko da su wajen kilomita 550 kawai, saƙo na saurin zuwa, sai dai a wannan tsayin tauraro ba ya iya tsayawa, dole ya yi ta gudu wajen kilomita 27,000 a awa yana zagaye duniya cikin minti 95 ko kusa da haka, ke nan wanda ke saman Maradi yanzu nan da ƴan mintuna ya wuce, dole wani ya biyo bayansa ya karɓi aikin. Kuma ba sa daɗewa, shekara biyar ne ƙiyasin rayuwarsu, daga nan a sauko da su su ƙone cikin iska. To ka ga dalilin da harbin ba ya ƙarewa, ana ƙara sababbi ana kuma maye gurbin tsofaffi.

Abin da ke faruwa ranar harbi

Falcon 9 tsayinta mita 70 ne, nauyinta in an cika ta ya haura tan 500, mafi yawansa mai ne, wato kananzir na musamman da iskar oksijin da aka sanyaya har ta zama ruwa. Wannan farin hayaƙin da ake gani yana fita daga jikinta kafin tashi ba wuta ba ce, sanyin oksijin ɗin ne. Gida biyu gare ta, wato kashi biyu ce, ɗaya a kan ɗaya. Na ƙasa injin tara ne da shi masu suna Merlin, su ne ke tayar da ita.

Bayan minti ɗaya da ƴan daƙiƙoƙi rokar na shiga wurin da iska ta fi matsa mata, in ta wuce nan ana ɗan samun natsuwa. Wajen minti biyu da rabi injinan ƙasa su mutu, gidan ƙasa ya rabu, injin guda na gidan sama ya kama, sannan murfin da ya rufe taurarin ya tsage biyu ya faɗo. Abin lura shi ne rokar ba miƙewa sama kawai take ba, tun da wuri take karkata tana bin gefe, domin hawa sama ba shi ne wuyar ba, samun wannan gudun na gefe shi ne ke hana tauraro faɗowa.

Ni dai wurin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne dawowar gidan ƙasa. Yana juyowa da kansa, ya kunna inji don rage gudu, ya buɗe ƙafafu huɗu ya dira tsaye a kan wani shimfiɗaɗɗen jirgin ruwa da babu mutum a cikinsa a tsakiyar teku, duk cikin minti takwas da rabi da tashi. An fara samun nasarar dira a kan ƙasa a Disambar 2015, a kan teku kuma a Afrilun 2016, yanzu akwai waɗanda aka harba fiye da sau 20. Da a ce kowane harbi sai an jefar da rokar kamar yadda ake yi da, kuɗin ba zai bari a jera dubban taurari haka ba, wannan maimaicin shi ne ginshiƙin harkar baki ɗaya.

Sakin taurarin wani lokaci minti goma sha biyar bayan tashi ne, wani lokaci sai an kai awa guda. Ana sakinsu ƙasa da inda za su zauna, su buɗe farantin hasken rana su yi ta hawa a hankali tsawon makwanni. Wannan lokacin na da hatsari, a Fabrairun 2022 wata guguwa daga rana ta kumbura iskar sama, cikin taurari 49 da aka harba kusan 40 suka faɗo suka ƙone.

Kallo daga nan gida

Kamfanin SpaceX yana nuna harbin kai tsaye a shafinsa da kuma dandalin sada zumunta na X. A lura da agogo, muna gaban Florida da awa 5 daga Maris zuwa farkon Nuwamba, sauran watanni awa 6, in kuma daga Vandenberg ne a California to awa 8 ko 9, shi ya sa harbin yamma a can tsakar dare yake riskarmu. A kuma sa a rai cewa ana yawan ɗagewa saboda iska ko hadari, har ana saura daƙiƙoƙi ana iya tsayar da shi, kar ka ƙona megarka tun da wuri.

Rokar kanta ba a hango ta daga nan, amma taurarin ana ganinsu da ido. Kwanakin farko bayan harbi suna tafiya a jere kamar carbi, fitilu farare ba sa ƙyaftawa ba su da ƙara, bayan magariba ko gab da asuba, lokacin da ƙasa ta yi duhu amma rana na haska su a can sama. Shafin Heavens-Above na ba da lokacin wucewarsu in ka sa masa Maradi. Cikin gari hasken fitilu na rage ganinsu, gara a ɗan fita wajen Tibiri ko hanyar Madarunfa, kuma lokacin hazo ko damina mai gajimare sai a yi haƙuri. Masana taurari kuwa sun daɗe suna kokawa cewa hasken nan na ɓata musu hotunan da suke ɗauka, koken nasu na da tushe, kamfanin ya rage ƙyallin taurarin amma matsalar ba ta gushe ba.

Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da Starlink ya fara aiki a Janairun 2023, a Nijar kuma sai 2025 ya fara bisa izinin hukuma. Farantin da ake sakawa a gida don karɓar rezon na buƙatar fili babu itace ko gini da ya tare masa sama, yana kuma buƙatar kuran ba yankewa, shi ya sa a ƙauyuka ake haɗa shi da sola, kuma tun da kuɗin kayan da na wata sun fi ƙarfin mutum ɗaya da yawa, sau da yawa mutum guda ne ke saye ya riƙa sayar wa unguwa waifai.