Asibiti mai shan iska: daga ina maganar ta taso?

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a watan Afrilu, an ɗauke wuta, janareto ba mai, tagar kuma gilashi ce da ba a buɗewa, ya san irin azabar. Yanzu ana ta surutun gina asibiti mai tattalin wuta da ruwa kamar jiya aka ƙirƙiro shi, alhali tsohon zance ne.

Florence Nightingale, shahararriyar ma'aikaciyar jinya, da ta dawo Ingila daga yaƙin Kirimiya a 1856 ta dage sai an riƙa yin ɗakin kwantar da marasa lafiya dogo siriri, tagogi suna kallon juna, iska ta shigo ta nan ta fice ta can. Ita a tunaninta wari ne ke kawo cuta, nan kam ta yi kuskure, amma dabarar ta yi aiki. Ko UCH, asibitin koyarwa na Jami'ar Ibadan, da aka buɗe a 1957 da irin wannan tunanin aka zana shi, bango mai huji-huji saboda zafi.

Sai ga maganin kashe ƙwayoyin cuta ya yawaita, ga eyakwandishan, sai masu zane suka ga ai taga ta zama kwalliya kawai, aka koma gina katafaren akwati mai lunguna a ciki wanda in wuta ta tafi minti goma kowa ya jiƙe sharkaf.

Abin da ya farkar da mutane tarin fuka ne, wanda ta iska ake ɗaukarsa. A 2006 aka fitar da rahoto daga wani asibiti a garin Tugela Ferry a Afirka ta Kudu, mutum 53 aka samu da tarin da ba ya jin magani, 52 suka rasu, kuma ana ganin da yawansu a cikin asibitin suka kwaso, wato ka zo neman lafiya ka tafi da ajalinka. Shi ya sa da masu zanen gini na MASS Design Group da ƙungiyar agajin lafiya ta Partners In Health suka yi asibitin Butaro a Ruwanda, wanda aka buɗe a 2011, suka fitar da hanyoyin wucewa waje ƙarƙashin baranda, rufi mai tsawo, ga dutsen yankin aka yi bango da shi kuma 'yan garin ne suka yi leburanci da birkilanci. A Tambakunda ta Senegal ma, gari mai zafi kamar Sakkwato, mai zanen gini Manuel Herz ya yi sashen haihuwa da na yara da bulo mai ramuka, inuwa na shiga iska na wucewa ba sai da wata na'ura ba.

Maganar sauyin yanayi daga baya ta shigo, a 2019 wata ƙungiya mai suna Health Care Without Harm ta ce harkar lafiya na fitar da kashi 4.4 cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Mu nan kam bil ɗin wuta ya fi damunmu, don a 2024 kamfanin rarraba wuta na Ibadan yanke wa UCH ɗin nan wuta ya yi saboda bashi.