Maganin zazzaɓin da ake rabawa gida-gida lokacin damina: tambayoyi da amsoshi

Da zarar ruwa ya zauna za ka ga ma'aikata bibbiyu suna shiga gidaje da ƙwayoyi, suna ba yara, su yi alama da alli a jikin bango. Ga abubuwan da iyaye suka fi tambaya a kai.

Wai yaro lafiyarsa ƙalau, me ya kawo maganar magani?

Ai dama na mai lafiya ne. Shirin sunansa SMC, wato ba yara maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro a lokacin damina, Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta amince da shi a 2012 saboda ƙasashen Sahel irin su arewacin Najeriya, Nijar, Chadi, Mali da Burkina Faso, inda zazzaɓin cizon sauro yake taruwa a cikin 'yan watannin damina. Maganin yana zama a jinin yaro kusan kwana 28, ko sauro ya cije shi ƙwayar cutar ba ta samun wurin zama, shi ya sa ake dawowa duk wata, yawanci sau huɗu daga Yuli zuwa Oktoba, wasu wuraren sau biyar. A Najeriya an fara ne a 2013, Katsina na cikin wuraren farko. Gwaje-gwajen da aka yi kafin a amince da shi sun nuna yana rage kamuwa da kusan kashi 75 cikin ɗari, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ƙauyen da sai an hau mashin an ƙetare rafi kafin a kai asibiti.

Su wa ake ba?

Daga wata 3 zuwa wata 59, wato ƙasa da shekara biyar. Jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya nasu ƙarami ne, kada a haɗa.

Sun ba shi ya sha a gabansu, sauran biyun da suka bar min fa?

To nan ne ake yin asarar. Magani iri biyu ne, SP (wato Fansidar) da amodiaquine, ranar farko yaro zai sha duka biyun a gaban ma'aikaciya, sai ta bar wa uwa ƙwaya biyu na amodiaquine, ɗaya gobe ɗaya jibi. Sai ka ga uwa ta ƙulle su a bakin zani ko ta jefa cikin kwalla wai sai ranar da jikin yaro ya yi zafi, wata kuma ta raba wa yayansa ɗan shekara bakwai don kada a bar shi haka, nufinta alheri ne amma ta rage wa ƙaramin kariya, babban ma bai samu abin kirki ba, kuma ƙwaya biyun nan ba za su warkar da zazzaɓin da ya riga ya kama yaro ba. A ganina maigida ma yana da hannu, tambaya ɗaya ce da safe kafin ya tafi gona, an ba shi na yau? Ana narka shi a ɗan ruwa mai tsabta a cokali ko ƙaramin kofi, a ba shi a hankali, ban da ɗure.

In ya yi amai?

In cikin minti 30 ne da sha ana sake ba shi sau ɗaya, a gaya wa ma'aikatan. Amma in aka ga ƙuraje, kumburi ko amai ya ƙi tsayawa, a dakata a nufi asibiti.

Akwai wanda bai kamata ya sha ba?

Akwai. Yaron da ke shan Septrin, da wanda irin wannan magani ya taɓa yi masa illa, da wanda ke kwance ba lafiya sosai. Mai zazzaɓi kuma gwajin jini za a fara yi masa na ɗan yatsa, in maleriya ce a ba shi ACT, wato maganin da ake ba wanda maleriya ta riga ta kama. In har ya kai ga jijjiga ko ya kasa shan nono, don Allah kada a tsaya hayaƙi da jiƙe-jiƙe.

Me ya sa kyauta? Anya ba wani abu a ƙasa?

Ban ga laifin mai tambaya ba, mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer a 1996 lokacin sanƙarau ba. Sai dai waɗannan ba sababbin magunguna ba ne, SP shi ne Fansidar ɗin da ake ba masu ciki a wurin awo shekara da shekaru. Kuɗin kuma gwamnati da masu tallafi irin su Global Fund ne ke biya, don Najeriya ita kaɗai tana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriya a duniya.

Kenan an huta da gidan sauro?

A'a fa. Maganin ba ya hana cizo, kuma manya da masu ciki ba sa cikin shirin. A ci gaba da ɗaura shi kullum, in ya yage a ɗinke.