Jarrabawar PgMP: Amsoshin Tambayoyin da Masu Shirin Zama Suka Fi Yi

Mece ce PgMP, kuma wa ke bayar da ita?

Takardar shaidar ƙwarewa ce da cibiyar PMI (Project Management Institute, ƙungiyar ƙwararru kan gudanar da ayyuka) ke bai wa wanda ya goge wajen jagorantar babban shiri mai ɗauke da ayyuka da dama masu alaƙa da juna. An kafa PMI a 1969, hedikwatarta kuma tana jihar Pennsylvania a Amurka. Ita ce mai satifiket ɗin PMP na manajan aiki da aka fi sani, wanda ta fara bayarwa a 1984. PgMP ƙanwa ce a shekaru, don sai a 2007 ta fito, amma a mataki tana gaba, kuma masu riƙe da ita ba su kai ko kusa da masu PMP yawa ba.

Ina da PMP. Ashe ba abu ɗaya ba ne?

Ko kaɗan, kuma a nan ne yawancin masu faɗuwa ke yin tuntuɓe. Manajan aiki ana tambayarsa ne: ka gama a kan lokaci? Kuɗin sun isa? Abin da aka ce ka gina, ka gina shi? Manajan shiri kuwa tambayarsa daban ce: duk ayyukan nan da aka kashe wa kuɗi, wace moriya suka haifar, kuma wa zai riƙe ta bayan ka tafi?

Ɗauki yaƙi da cutar shan inna a Najeriya. Samar da firjin ajiye rigakafi aiki ne mai zaman kansa. Horar da matan da ke bi gida-gida suna ɗiga wa yara maganin wani aikin ne. Ga sa ido kan duk yaron da ƙafarsa ta saki farat ɗaya, a ɗauki samfurin bayan gidansa zuwa ɗakin gwaji. Ga kuma zama da sarakuna da malamai domin iyaye su amince. Kowane ɗaya na iya kammaluwa lafiya lau, amma idan firji ya iso ƙauye maigida ya hana a shiga gidansa, an yi ba a yi ba ke nan. Moriyar da ake nema guda ce, a daina samun yaron da cutar ta nakasa, kuma sai a watan Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar ta daji. Wanda ke zaune a sama yana ɗinke waɗannan ayyuka, yana janye kuɗi daga wannan ya ƙara wa wancan, har ya dakatar da aikin da ya daina amfanar manufa ko da yana tafiya daidai, shi ne manajan shiri. Da wannan idon ake son ka amsa kowace tambaya.

Wa ya cancanci nema?

Mai digiri yana bukatar watanni 48 na gudanar da aiki, ko ya kasance yana da PMP, sannan wasu watanni 48 na gudanar da shiri. Wanda takardar sakandare ko difloma ce a hannunsa, ɓangaren shirin nasa watanni 84 ne. Dukkansu cikin shekaru 15 da suka wuce. Wannan ba jarrabawar sabon shiga ba ce.

Me ya sa ake cewa cike takardar nema ita ce rabin jarrabawar?

Saboda kafin a bari ka zauna gaban kwamfuta, sai wani kwamiti na mutanen da su ma suke riƙe da PgMP ya karanta bayanan da ka rubuta kan gogewarka. Idan bai gamsu ba, ba za ka ga ko tambaya ɗaya ba. A ganina nan ne ya kamata mutum ya zuba ƙarfinsa na farko, tun kafin ya buɗe littafi.

Kurakurai biyu ne suka fi yawa. Na farko, mutum ya ɗauko wani ƙaton aiki guda ya kira shi shiri don kawai kuɗinsa na da yawa. Girma ba shi ne ma'auni ba. Dole a ga aƙalla ayyuka biyu a ƙarƙashinsa, masu manufa ɗaya, waɗanda haɗa su ya kawo amfanin da raba su ba zai kawo ba. Na biyu ya fi damun mutanenmu: kawaici. An rene mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, sai mutum ya cika takarda da “mun tsara”, “mun cimma”. Kwamitin kai yake aunawa, ba ofishinku ba. Rubuta abin da kai ka yanke: na kafa kwamitin sa ido da ke zama duk wata, na ba da shawarar a rufe aiki kaza saboda kaza, sakamakon ya zama kaza. Kada kuma ka kwafo kalmomin littafi ka jera, masu dubawar sun san littafin fiye da kai.

Ka sanar da shugabannin da ka yi aiki a ƙarƙashinsu tun da wuri, domin PMI kan zaɓi wasu takardu ta bincika, ta nemi sa hannunsu da kwafin takardar makaranta.

Yaya jarrabawar kanta take?

Tambayoyi 170 ne na zaɓi cikin awa 4, kuma 20 daga ciki na gwaji ne da ba sa cikin maki, sai dai ba za ka iya gane su ba. Ana zama ne ta hannun Pearson VUE, kamfanin da ke shirya jarrabawa ta kwamfuta. Kaso 44 cikin ɗari na tambayoyin kan matakan rayuwar shiri ne, daga fayyace shi zuwa aiwatarwa da rufewa. Sauran sun kasu tsakanin hulɗa da masu ruwa da tsaki 16, daidaita shiri da manufar ma'aikata 15, tsarin sa ido da yanke hukunci 14, sai kula da moriya 11. Kada ƙarancin wannan na ƙarshe ya ruɗe ka, batun moriya yana ratsa kusan kowace tambaya.

Tambayoyin dogaye ne, labari ake ba ka. Sau da yawa amsoshi biyu za su yi kama da daidai, ɗaya ta manajan aiki, ɗaya ta manajan shiri. Idan aiki ɗaya ya makara, manajan shiri ba ya tsallake mai aikin ya shiga gyara jadawali da hannunsa. Yana duba yadda makarar za ta taɓa sauran ayyuka, abin da ya fi ƙarfin ikonsa kuma ya kai gaban kwamitin sa ido. Idan an ba ka izinin zama jarrabawar kana da shekara ɗaya, kana iya zama har sau uku a cikinta.

Me zan karanta?

Littafin PMI mai suna The Standard for Program Management, bugu na biyar na 2024, tare da jadawalin abubuwan jarrabawa da ke shafinsu kyauta. Littafin ba shi da kauri, amma karatu ɗaya ba ya wadatarwa. Duk takardar da aka ambata a ciki, kamar taswirar tafiyar shiri ko rajistar moriya, tambayi kanka wa ke rubuta ta, wa ke amincewa da ita, a wane mataki. Sannan ka zauna jarrabawar gwaji ta awa 4 cur ba tashi, waya a kashe, domin gajiyar awa ta uku ita ma abokiyar gaba ce.

Idan shekaruna ba su kai ba fa?

Akwai MSP, tsarin gudanar da shiri mai nasa satifiket da gwamnatin Birtaniya ta fito da shi a 1999, wanda yanzu kamfanin PeopleCert ke gudanar da jarrabawarsa. Matakinsa na farko ba ya neman shekarun gogewa. Duba tallan guraben aiki a fannin da kake hari, ka ga wacce suka fi ambata kafin ka kashe dalolinka.

Bayan an ci, shi ke nan?

A'a. Duk shekara 3 sai ka tara maki 60 na ƙarin ilimi, ta hanyar kwasa-kwasai, taruka, koyarwa ko aikin sa kai, ka shigar da su a shafin PMI, ka biya kuɗin sabuntawa. Idan kana da PMP, awannin karatu da yawa suna shiga lissafin takardun biyu a lokaci guda.